Aikina kan microRNA da ciwon huhu na ARDS: abin da nake rubutawa kullum

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Alhamdulillahi yau takardar izinin bincike daga kwamitin ɗa'a ta fito bayan wata biyu da rabi ina zarya a kanta. Daga yau zan riƙa ajiye duk abin da na yi a nan, mai daɗi da mara daɗi, ko 'yan baya da za su zo irin wannan aikin sa samu abin dubawa.

Aikin dai ga shi: zan auna ƙananan RNA guda uku a ruwan jinin marasa lafiya, miR-146a da miR-155 da miR-223, in kwatanta waɗanda nimoniya mai tsanani ko sefsis, wato cutar da ta game jiki har ta fara taɓa gaɓoɓi, ta kai su ga ARDS da waɗanda cutar ta kama amma huhunsu bai kai ga haka ba. ARDS ba cuta ce mai ƙwayarta ita kaɗai ba, jiki ne ke tashi yaƙi da ƙwayar cuta sai yaƙin ya wuce gona da iri, bangon 'yan jakunkunan iska na huhu da na ƙananan jijiyoyin jini ya fara yoyo, ruwa ya cika inda iska ya kamata ta zauna, sai ka ga ana ta ɗura wa mutum oksijin amma jininsa ba ya ɗauka. Tun 1967 Ashbaugh da Petty suka bayyana shi a Denver ta Amurka da marasa lafiya 12, kuma har yau babu wata ƙwaya ko allura da za a ce wannan ce maganin ARDS. Abin da ya rage mutuwa iya kula ne: a 2000 aka nuna in an rage iskar da injin numfashi ke turawa daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilo na nauyin jiki mutuwa na sauka daga kusan kashi 40 zuwa 31, sannan a 2013 Faransawa suka nuna amfanin kwantar da mutum rub da ciki na awa 16 ko fiye a rana.

Ni abin da ya kawo ni nan kawuna ne, ƙanin Umma. Ranar Asabar yana zaune a tsakar gida yana shan kunu yana ɗan tari, ranar Laraba aka kai shi makwancinsa. A ɗakin da aka kwantar da shi akwai wani dattijo da ya girme shi, cuta iri ɗaya, magani iri ɗaya, shi ya tashi ya koma gida. Tun ranar tambaya ɗaya ke cina, shin akwai abin da ke cikin jini tun ranar farko da zai nuna wane ne huhunsa zai rushe?

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun zauna da Malam, mai duba aikina, kan yadda za mu tantance wa ke da ARDS. Ma'aunin Berlin na 2012 yana buƙatar a ɗebi jinin jijiyar bugu a auna iskar cikinsa, kuma mutum ya kasance a kan inji, mu kuwa yawancin mutanenmu a wad suke da robar oksijin a hanci ko takunkumi a fuska. Don haka ma'aunin Kigali za mu bi, wanda aka yi a Ruwanda a 2016 saboda asibitoci irin namu: a ɗauki lambar da ɗan matsin yatsa mai auna oksijin ɗin jini ya nuna a raba da yawan oksijin da ake bai wa mutum, in ya zo 315 ko ƙasa, ga kuma ruwa a huhu biyu a hoton ƙirji ko sikanin, kuma ba zuciya ce ta jawo ba, to ya shiga. Sabon ma'aunin duniya na 2023 ma ya karɓi wannan.

Abu biyu ke damuna. Oksijin ɗin robar hanci ƙiyasi kawai ake yi, kowace lita a ƙara kashi 3 ko 4 a kan 21 na iskar ɗaki. Sannan shi ɗan matsin yatsan an nuna a Amurka a 2020 cewa a baƙar fata yakan nuna lamba sama da gaskiya, wato mutum ya fi jin jiki fiye da abin da allon ke faɗa. Malam ya ce in rubuta shi ɓaro-ɓaro a cikin raunin aikin. Duk wanda ake zargin zazzaɓin Lassa kuma ba ma taɓa jininsa, lokacinta ne yanzu.

Talata, 21 ga Janairu

Mutum na farko. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da wani abu, ɗan acaɓa, kwana biyar yana zazzaɓi da tari kafin a kawo shi. Ina shiga na ga kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi, hancinsa na buɗewa, ba ya iya haɗa kalma uku sai ya tsaya. Allon na nuna 88 duk da takunkumin oksijin, da muka yi lissafi 147 ya ba mu, wato mai tsanani. Shi ba zai iya sa hannu ba, mahaifinsa ne a bakin gado riƙe da carbi.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba jini nake roƙo kaɗan, bai fi cokalin shayi ɗaya ba. Ya ce "'yata, tun safe ake ɗibar jinin yaron nan, wannan kuma na mene ne, zai warkar da shi?" Wallahi na so in ce eh. Na ce a'a Baba, shi ba zai amfana da wannan ba, kuma in kun ƙi babu abin da za a rage masa na kulawa, bincike ne don na gaba. Ya yi shiru ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya ce "tunda kin faɗi gaskiya, ɗiba, Allah ya sa a dace." Ya dangwala yatsa. Na sa wa kwalbar P01.

Juma'a, 24 ga Janairu

Sampul 4. Hazo ya yi yawa garin, wad ɗin maza cike da masu tari. P01 an juya shi rub da ciki, lambarsa ta ɗan hau.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kuɗi. A Fabrairun 2025 ɗin nan dala tana sama da naira 1,500, kuma komai na aikin nan da dala ake sayensa. Kayan tace RNA daga ruwan jini na mutum 50, da kayan juya shi zuwa DNA, da firama masu gano kowane microRNA, da ruwan PCR, wato gwajin da ke ninka DNA don a auna yawansa, da kuɗin kawowa a cikin sanyi, dila ya haɗa min lissafi ya kai naira miliyan uku da dubu ɗari biyu. Tallafin da na samu miliyan biyu da rabi ne. Na sayar da 'yan kunnena na zinare, Yaya ya cika min dubu ɗari uku. Na so in ƙara miR-126 na bangon jijiyoyin jini, dole na haƙura da shi. Abin da na ƙi yarda a cire shi ne cel-miR-39 da kuma miR-451a da miR-23a, waɗanda da su zan duba ingancin aikin da na jinin, dila ya ce ai waɗannan ƙari ne, na ce a bar su.

P01 an sallame shi ranar Asabar. Baba ya neme ni har ƙofar lab don ya faɗa min.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Umma ta tambaye ni wai me nake nema a jinin mutane da har na rabu da 'yan kunnena. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, bari in rubuta yadda na faɗa don ya zauna min.

DNA kamar littafi ne da ba ya fita daga ɗaki. In jiki na son wani furotin sai a kwafo shafin a aika, wannan kwafin shi ne mRNA. Shi kuma microRNA ɗan guntu ne, harufa kusan 22 kacal, ba a yin furotin da shi, aikinsa ya tare ɗan aiken nan a hanya. Yana shiga cikin wani furotin mai suna Argonaute, ya manne a wutsiyar saƙon, sai a daina karanta shi ko a lalata shi gaba ɗaya. Harufa bakwai na kusa da farkonsa ne ke gane wanda zai kama, shi ya sa ɗaya tak kan iya riƙe saƙonni ɗaruruwa. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano na farko a jikin wata 'yar tsutsa da ba ta wuce milimita ɗaya ba, mutane suka ɗauka abin tsutsa ne kawai, sai a 2000 da aka ga let-7 har a jikin mutum, a 2024 kuma aka ba su kyautar Nobel.

Nawa ukun kowa da halinsa. In ƙwayar cuta ta shigo, wani furotin mai suna NF-κB ke buga gangar yaƙi, kuma shi ɗin ne dai ke tayar da miR-146a, wanda zai juyo ya danne IRAK1 da TRAF6 da ke kai saƙon yaƙin, wato jiki na taka birki da kansa, wannan tun 2006 aka nuna shi a lab ɗin David Baltimore. miR-155 shi mai zuga ne, yana danne SOCS1 da SHIP1 waɗanda su ne masu kwantar da tarzoma. miR-223 kuwa na nutrofil ne, fararen ƙwayoyin jinin da ke cika huhu a ARDS, yana danne NLRP3 mai kunna kumburi, kuma a 2017 an nuna a ɓeraye cewa nutrofil na miƙa shi ga ƙwayoyin bangon huhu ya rage ɓarnar. Umma ta ce to kenan mai zuga da mai rabon faɗa duk a gida ɗaya suke. Na ce haka ne Umma, ni kuma so nake in ga wa ya fi ƙarfi a jikin wanda huhunsa ya rushe.

Talata, 18 ga Fabrairu

Daren jiya aka ɗauke wuta, injin bai tashi ba, babu wanda ya kira kowa. Da safe na shigo na ji firiza na ƙara, allonta da ya kamata ya nuna -80 yana nuna -31. Gwiwata ta yi sanyi. Sampul 19 ne a ciki, kowanne da fuskar mai shi a idona. Ni da mai kula da lab muka kwashe akwatunan cikin kula da ƙanƙara muka ruga wani sashe da ke da sola, can suka ba mu aron rabin shelf. Na duba kwalba ɗaya-ɗaya, duk a daskare suke, babu wadda ta narke. microRNA na ruwan jini yana da ɗan juriya saboda a lulluɓe yake cikin furotin ko 'yan ƙunshin maiƙo, ba kamar mRNA ba, wannan ne ya ɗan kwantar min da hankali. Duk da haka na sa alama a kan sha taran nan.

Daga yau kowane sampul kashi uku zan raba shi, biyu a nan ɗaya a can. Na kashe dubu 38 kan ƙarin ƙananan kwalabe, dubu 15 kuma na bai wa mai gadi kati da alkawarin duk dare in wuta ta wuce awa ɗaya ba ta dawo ba ya kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kaya sun iso, da sauran sanyinsu. Sampul 26.

Talata, 4 ga Maris

Azumi na huɗu. Tace RNA na farko, sampul 12. Na fara bayan asuba don hannu bai fara rawa ba tukuna. A kowace kwalba ina zuba cel-miR-39 daidai wa daida, shi microRNA ne na tsutsa, babu shi a jikin mutum, don haka in na zuba iri ɗaya dole ya fito iri ɗaya a injin PCR, in bai fito ba to aikina ne ke da matsala ba jinin ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Takwas sun fito lafiya, cel-miR-39 a zagaye na 21 zuwa 22. Injin zagaye-zagaye yake ninka abin da ke cikin kwalba, mai yawa ya fito da wuri, kaɗan ya makara. Sauran huɗun kuwa, uku sai a 29, ɗaya bai fito ba sam. Na maimaita, haka dai. Kowane zagaye ɗaya ninki biyu ne, to tazarar bakwai ba ƙaramin abu ba ne. Na koma littafin karɓar sampul, duka huɗun na dare ne, duka daga ICU, ɗakin kulawa ta musamman. Na je na samu Sista mai kula da dare, na ce Sista don Allah yaya ake ɗibar min jinin nan? Ta ce in jijiya ta yi wuya daga layin da ke jikin mara lafiya suke ja, kuma layin da ruwan hefarin ake wanke shi don kar ya toshe. Shi ke nan. Hefarin yana bin RNA har cikin tacewa ya je ya hana PCR aiki, shi ya sa tun farko na ce kwalbar EDTA mai murfin shunayya kawai, ban da mai koren murfi, amma ban taɓa tunanin layin ba, kuma ban faɗa musu ba. Su taimakona suke yi a kan aikinsu mai yawa, kuma gaskiyarsu ne, mutumin da ke fama da numfashi ba a son a yi ta caka masa allura.

Akwai hefarines da ke narkar da shi, na tambayi kuɗinsa, dubu 210. Ba yanzu ba. Huɗun na ajiye su gefe. Na rubuta takarda da hannu na manna a ICU, na kuma bi kowane shif na yi bayani baki da baki.

Laraba, 12 ga Maris

Yau ban san inda zan sa kaina ba don murna. Sampul 22 masu kyau, 10 masu ARDS 12 marasa shi. miR-223 a masu ARDS yana fitowa kusan zagaye uku kafin na sauran, wato wajen ninki takwas. Na ɗauki hoton allon na tura wa Malam kafin a sha ruwa. Amsarsa layi ɗaya ce: "Madalla. Gobe ki zo min da littafin sampul, ba sakamakon ba."

Juma'a, 14 ga Maris

Jiya awa biyu muka yi da Malam yana bin littafin layi-layi da biro. Ya ce Malama, wannan "1" da "2" da kike sawa a gefe fa? Na ce sau nawa aka juya jinin ne. Ƙa'idar ita ce a juya sau biyu, na farko a hankali minti goma a raba ruwan jini da ƙwayoyi, na biyu da ƙarfi sosai a cikin sanyi don a kwantar da sauran tarkace da filatilet, 'yan ƙwayoyin nan masu daskarar da jini. To injin mai ƙarfin yana ɗakin da ake kullewa ƙarfe huɗu, don haka duk jinin da ya zo da yamma ko dare sau ɗaya nake juya shi da ƙaramin inji in daskarar. Ya ce ƙirga min. Cikin masu ARDS 10, bakwai sau ɗaya aka juya. Cikin sauran 12, biyu ne kawai. Dalilin a fili yake, masu jin jiki sosai ba sa jiran safiya, duk lokacin da aka kawo su nake rugawa, masu sauƙi kuwa da safe nake bi in ɗiba a natse.

Filatilet cike suke da miR-223. In suka rage a ruwan jinin aka daskarar, suna fashewa su zubar da shi, kuma ko an sake juyawa bayan an narkar ya riga ya fita. Da na ware waɗanda aka juya sau biyu kaɗai, uku da goma, tazarar nan ta ninki takwas ta kusa ɓacewa, kuma mutum uku ba a gina magana a kansu. Abin da na yi ta murna a kai ranar Laraba ƙila ba huhu na auna ba, makullin ɗaki na auna.

Na fita na zauna a bayan lab na yi kuka sosai, ba don digiri ba, na tuna Baba da ya ce tunda kin faɗi gaskiya ɗiba. Da Malam bai nemi littafin nan ba da na rubuta abin na kai taro na faɗa da ƙarfin gwiwa, wani ya karanta ya ɗora nasa a kai.

Litinin, 17 ga Maris

Tunda abin ya zo haka na bi sauran ma. miR-451a na jajayen ƙwayoyin jini ne, miR-23a kuwa fashewarsu ba ta taɓa shi, in tazarar su biyun ta wuce zagaye 7 to jinin ya fashe ko da ido bai gani ba. Biyar sun faɗi, kuma biyu ne kawai a cikinsu na ga sun yi ja-ja da ido, sauran ukun ruwan ɗorawa ne tas. Wannan ya kashe shirina na daidaita lissafi da miR-16, wato in sa shi ma'aunin da zan gwada sauran da shi, don shi ma daga jajayen ƙwayoyin yake zuwa. U6 da wasu ke amfani da shi na cikin ƙwayar halitta ne, bai dace da ruwan jini ba. Da cel-miR-39 zan tsaya, da kuma mililitar ruwan jini iri ɗaya ga kowa.

Yanzu na fara gane abin da ya sa takardun da nake karantawa ke saɓa wa juna, wannan ya ce abu ya hau wancan ya ce ya sauka, kuma da yawa ba sa faɗar sau nawa suka juya jinin ko awa nawa ya yi a ajiye kafin a juya. Ga shi kuma ARDS ɗin kansa ba abu ɗaya ba ne, tun 2014 Carolyn Calfee da abokan aikinta suka nuna akwai masu kumburi mai zafi da masu ɗan sauƙi, kuma ba sa amsa kulawa iri ɗaya. Masu cewa nan da 'yan shekaru za a riƙa yi wa mutane allurar microRNA a ICU ina ganin sun yi gaggawa, MRX34 da aka gwada a masu kansa an dakatar da shi a 2016 saboda garkuwar jiki ta tashi har an rasa rayuka, to ina ga wanda garkuwar tasa ce ma take cin huhunsa.

Talata, 25 ga Maris

An ba ni makullin ɗakin injin, na sa hannu a kan na ɗauki alhakinsa. Sabuwar ƙa'ida: jini daga jijiya da allura mai ɗan faɗi, ba a matsa sirinji, a juya sau biyu cikin awa biyu ko da tsakar dare ne, a rubuta lokacin ɗiba da lokacin daskarewa. Yaya ya ce shi zai riƙa kawo ni in an kira da dare. Sabbin sampul 3. P31 ta rasu daren Lahadi, mace ce mai jego, kwana tara da haihuwa. Allah ya jiƙanta ya raya abin da ta bari.

Litinin, 7 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Lissafin da ke hannuna: sampul masu tsabta ta kowace fuska 17, shida masu ARDS. Kayan tacewa saura na mutum 24, don haka babu sauran gwaji na wasa, kowace kwalba sai na tabbatar da tarihinta kafin in buɗe ta. miR-146a shi filatilet ma suna ɗauke da shi, don haka shi ma sai a sabbin zan duba, ba zan kalli tsofaffin lambobin ba.

Malam ya yarda in mayar da kuskuren babi guda. Zan nemi masu lafiya 5 cikin 'yan ajinmu, da izinin kwamiti, in ɗebi jinin kowa in raba biyu, rabi a juya sau ɗaya rabi sau biyu, in nuna da lamba nawa miR-223 ke canzawa a injinmu. Wannan zai ci goma cikin 24 ɗin, saura 14 na marasa lafiya, ya ce in rubuta wa tsangaya neman ƙarin wata uku da kuma ƙarin kuɗin kit ɗaya. Na kai takardar gyaran ga kwamitin ɗa'a yau da rana, sun ce in dawo ranar 22. Hefarines ɗin nan ma na sa shi a lissafin, don huɗun ICU duka masu tsanani ne kuma ba na son jininsu ya tafi a banza. Gobe ƙarfe bakwai akwai zagayen wad, an ce an kwantar da mutum biyu masu nimoniya daren jiya.